Gwaggon Ɗakin Wanki da Ɗanta Injiniya

Ɗakin wankin otal ɗinmu a ƙarƙashin ƙasa yake. Sai ka sauka matakala, ka wuce ɗakin janareta, zafi ya tarbe ka tun kafin ka ga ƙofar. Manyan injinan wanki suna jere a jikin bango, ga na busarwa, ga dogon injin guga da muke zura wa zanen gado ta gaba ya fito ta baya a miƙe. Taga ɗaya ce, can sama daidai da titi, ba ka ganin komai ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa. A nan na tarar da Gwaggo ranar da aka ɗauke ni aiki, kuma a gefenta aka tsayar da ni in koyi ninkin tawul.

Kowa Gwaggo yake ce mata, har manaja. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, hannuwanta duk tabon ƙunar dutsen guga. Idan lif ya lalace, kuma yana lalacewa kamar an yi masa baki, ita ce take ɗora ƙunshin zannuwa a ka ta haura har benen ƙarshe, mu matasa muna haki a bayanta. Sai ta waiwayo ta ce, "Ku dai ku ci gaba da shan lemon kwalba. In kun kai shekaruna a baro za a riƙa kawo ku aiki."

An hana riƙe waya a bakin aiki, amma ta Gwaggo kullum tana cikin aljihun rigarta, shugaban sashe kuma ya san dalili, yana kau da kai. Ni ma ban daɗe ba na sani.

Mijinta mai gyaran wuta ne, ya rasu tun yaran suna ƙanana, ya bar ta da biyu. Babbar mace ce, ta zama malamar makaranta, aure ya kai ta wani gari mai nisa. Ƙaramin namiji, shi ne ya gado hannun ubansa. Tun yana firamare yake kwance rediyo ya mayar, maƙwabta suka laƙaba masa Injiniya, sunan ya bi shi har jami'a inda ya shiga karatun lantarki. Gwaggo ta ce min a wancan lokacin ko zafin ɗakin wanki ba ta ji. Yana ajin ƙarshe ciwon ya same shi. Ya daina barci, ya daina wanka, ya fara cewa wayoyin wuta suna yi masa magana, akwai saƙon da aka ɗora masa ya isar. Abokansa suka kawo shi gida da jakarsa. Aka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, aka ba shi magani, ya lafa, ya sake tashi. Lokacin da na san Gwaggo ya haura talatin, kuma sun yi shekaru a haka.

Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, wannan ta sha faɗa min. Ba tsoronsa take ji ba. Abin da yake yi shi ne fita. Zai zauna lafiya lau yana warware wata tsohuwar fanka, sai ya miƙe ya bi layin wayoyin wuta, kansa a sama, yana tafe yana amsa musu. Wata rana ya tsaya a bayan kasuwa yana taɓa akwatin mitar wani shago, wani ya yi ihun ɓarawo. Kafin mai kantin layinsu, wanda ya san shi, ya ratsa taron, an fasa masa kai an karya masa haƙora. Tun daga ranar Gwaggo ta roƙi mai kantin ya riƙa sa mata ido a ƙofar gida, in ya ga ya fita ya kira ta.

Ranar da na fara ganin ciwonta, muna tsaye ne a teburin ninki. Da safen nan ta hau bene sau da yawa ko gezau. Muna hira, tana ba ni labarin wani baƙo da ya bar haƙoran roba a aljihun riga, sai wayar ta yi ƙara. Na ga fuskarta ta canza tun kafin ta ciro ta. Ashe ma wani ne ya yi kuskuren lamba. Ta mayar da wayar, ta dafa tebur da hannu biyu, gumi ya karyo mata, leɓenta ya yi fari.

"Gwaggo, lafiya?"

"Ba komai, 'yar nan. Iska ce ta tokare ni." Ta shafa ƙirjinta, ta shafa muƙamuƙinta na hagu. "Kamar an ɗora min injin nan a nan. Yanzu zai wuce."

Ya wuce kuwa, ta koma ninki. Amma daga ranar na fara lura. Kaya ba sa kawo mata shi, matakala ba ta kawo shi. Waya ce, ko hayaniya a titi, ko ta ga ƙafafu suna gudu ta tagar nan. Ta yi ta shan maganin gyambon ciki ana ba ta a kemis. Da na matsa mata da zancen asibiti sai ta ce, "Wanda zuciyarsa ta lalace shi ne zai hau bene da kaya a ka? Ke dai kin cika tsoro." Sai da ta zube a kan kwandon tawul wata rana bayan mai kanti ya kira, sannan shugaban sashe ya ce ko ta je asibiti ko kada ta dawo masa. Ya ba ni hutun yini in raka ta.

Aka yi ta mana yawo daga wannan ɗaki zuwa wancan, kwanaki daban-daban, har muka kai ga likitan zuciya, wani siriri mai gilashi da bai fi sa'an ɗanta ba. Aka manna mata wayoyi a ƙirji, aka ɗora ta a kan injin tafiya. Gwaggo tana tafe tana ba'a. "Likita, wannan hanyar ba ta kaiwa ko'ina ne? Da ka zo da ita otal ɗinmu, da na nuna maka tafiya." Aka ƙara gudu, aka ƙara tudu, ta yi haki kaɗan, shi ke nan. Likitan ya ce abin da ya gani bai kai yadda ya zata ba. Hoton jijiyoyi da aka yi mata daga baya ya nuna kitse ya fara cin hanyar jinin, amma da sauran wuri.

"Ka ji ko?" ta ce, tana gyara mayafi. "Na ce musu iska ce."

Bai sallame ta ba. Ya tambaye ta yaushe ciwon yake zuwa. Ta ce yana zuwa in ya ga dama. Ni ce na sa baki na ce sai in waya ta yi ƙara. Gwaggo ta harare ni. Likitan ya ajiye biro ya ce mu dawo, akwai wani gwajin.

Wannan karon ba injin tafiya. Kwantar da ita aka yi a gado, wayoyin a ƙirjinta, abin awon jini a damtsenta, wata ma'aikaciya tana goga mata na'urar da ke nuna zuciya a allo. Ya bar ta ta huta har komai ya daidaita, sannan ya ja kujera kusa da kanta.

"Mama, ki ba ni labarin ranar da hankalinki ya fi tashi. Ki faɗa kamar yanzu abin yake faruwa. In kin ji ba za ki iya ba, ki ce, mu tsaya."

Ta kafa wa silin ido. Sai ta fara, muryarta a kwance kamar tana ba da labarin wani. Ta ce ta iso bayan kasuwa, ta ga takalminsa ƙafa ɗaya a cikin kwata. Ta ce mutane suna buɗa mata hanya ba wanda ya kalle ta. Ta ce yana zaune a ƙasa jini ya rufe masa ido, da ya ji muryarta sai ya ce, "Inna, ki gaya musu gyarawa nake yi." Ba ta yi kuka ba, ko yatsa ba ta motsa ba. Amma ni da ban san komai ba na ga layin da ke gudu a allon ya sauya, na ga ma'aikaciyar ta ɗago ta kalli likita. Ya ce ya isa. Suka sa mata ƙwaya a ƙarƙashin harshe.

Bayan ta huta ya yi mata bayani, ni ma ina zaune. Ya ce zuciya tana aika jini ko'ina a jiki, amma ita ma tana da nata jijiyoyin da suke ciyar da ita, kuma na Gwaggo sun riga sun kamu. Idan tsoro ya zo, jiki yana sakin wasu sinadarai da ke sa zuciya gudu, jini ya hau, aikinta ya ƙaru. A lafiyayyen mutum jijiyoyin sukan buɗe a lokacin su ƙara mata jini. A wasu masu irin ciwonta kuwa sai su tsuke, har da ƙanana waɗanda hoto ba ya nunawa.

"Lokacin da take neman ƙari, lokacin ake rage mata," ya ce. "Ɗazu kina kwance, wani ɓangare na zuciyarki ya rage motsi saboda jini bai ishe shi ba. Kin ji zafi?"

"Ban ji ba."

"To abin da ya fi damuna ke nan. Ba kullum zai yi miki sallama ba. Yana iya faruwa sau da yawa a yini ba ki sani ba."

Ya rubuta mata magunguna: na hawan jini, na rage kitse, na tsinka jini, da ƙwayar ƙarƙashin harshe. Sannan ya cire gilashinsa ya ce magani zai yi nasa, amma dole ta rage damuwa.

Gwaggo ta yi dariya, ba ta raini ba. "Likita, Allah ya yi maka albarka. In ka ce in bar gishiri, na bari. In ka ce in bar mai, na bari. Shi wannan a ina zan ajiye shi?"

Likitan ya mayar da gilashinsa. Daga nan ya haɗa ta da wata ma'aikaciya mai koya wa marasa lafiya yadda za su kwantar da hankali.

Ta gwada, ba zan ce ba ta gwada ba. Magani ba ta fashinsa. Ta koyi jan numfashi a hankali ta hanci, a riƙe, a saki ta baki. Lokacin hutu sai ta zauna a kan buhun sabulu ta lumshe ido tana yi, mu kuma muna tsokanarta wai Gwaggo ta zama injin busarwa. Ta ce yana taimakawa, matuƙar wayar ba ta yi ƙara ba. Na ce ta ba ni wayar in riƙe mata, in wani abu ne in gaya mata. Ta ba ni. Ba a jima ba na ga tana ninki tana kallon aljihuna, duk motsin da na yi idonta na kaina. Na mayar mata da abarta.

Malama, 'yar tata, ta zo da ta ji labari. Mace ce mai hankali, ta zauna ta yi kuka, ta ce za ta tafi da ƙanenta Inna ta huta. Suka tafi. Muka ce to, an samu sauƙi. Ashe ba haka ba ne. A nan garin Gwaggo ta san layukan da yake bi, ta san masu shagon da suka san shi. A can ba wanda ya san shi, ba wanda zai ratsa taro dominsa. Ta rame a 'yan makonnin nan fiye da duk shekarun da na san ta, ƙwayar ƙarƙashin harshe ta zama kamar alewa. Can kuma ya kwance wayoyin gidan surukin nasu, saura ƙiris gobara ta tashi, ga yara ƙanana a gidan. Mijin Malama bai yi faɗa ba, ya dai sako shi a mota ya dawo da shi da kansa, yana ta ba da haƙuri.

Akwai wani lokaci da abin ya yi kyau, ina so a san da wannan. An canza wa Injiniya magani, ya karɓe shi. Ya fara wanka, ya yi aski, har ya riƙa zuwa ɗaukar uwarsa in an tashi. Na gan shi a bakin ƙofar ma'aikata, dogo, mai kunya, yana rufe bakinsa da hannu in zai yi dariya saboda giɓin. Ya gaishe ni da ladabi ya ce, "Anti, sannu da ƙoƙari da Inna." Wani mai gyaran fanka ya ba shi benci a shagonsa. Watannin nan Gwaggo ta yi ƙiba, ta koma tsokanar kowa. Da ta je asibiti likita ya ce awonta ya yi kyau.

Amma maganin yana sa hannunsa rawa. Mai aikin waya siririya da ƙaramin sukurudireba, hannu yana karkarwa, ina aikin yake? Ya ƙona na'urar wani, mai shagon ya ce ya ɗan huta tukuna. Bai gaya wa kowa ba ya daina shan maganin don hannunsa ya tsaya. Hannun ya tsaya, muryoyin suka dawo.

Fitar da ya yi bayan nan ita ce mafi tsawo. Mai kanti ya shiga ciki ɗauko kaya, kafin ya fito Injiniya ya wuce. Gwaggo ta bar aiki ta shiga gari. Ofishin 'yan sanda, tashar mota, bayan kasuwa, asibitoci, duk inda layin wuta ya bi ta bi. In na tashi aiki ina raka ta. Tana tafe tana tsayawa, ta dafa bango, ta sa ƙwaya, ta ci gaba. Na ce, "Gwaggo, kashe kanki za ki yi." Ta ce, "In na zauna ma shi ne, 'yar nan. Gara ina tafiya."

Ya fi mako ba labari. Wata safiya 'yan sanda suka kira, an tsinci gawar wani saurayi a gindin turken wuta, ta zo babban asibiti ta duba. Muka je tare. Ɗakin ajiye gawa da sanyi, ga warin magani. Ma'aikacin ya ja aljihun ƙarfe, ya yaye zanen daga fuskar. Ni na kau da kai. Gwaggo ta duba, ta daɗe tana dubawa.

"Ba shi ba ne," ta ce. "Ɗan wata ne. Allah ya ba ta haƙuri."

Muka fito. Na riƙe hannunta ina cewa Alhamdulillahi. Ta taka kaɗan a barandar, ta ce bari ta zauna. Ta zauna a benci, gumi ya jiƙe mata riga, ta yi amai, ta ce hannunta na hagu ba nata ba ne. Ƙwayar ba ta yi komai ba. Da a titi ne abin ya same ta, da a nan ta ƙare. Da yake a cikin asibiti muke, aka ɗauke ta a guje. Gudan jini ne ya toshe ɗaya daga cikin jijiyoyin gaba ɗaya. Suka zura mata siririn bututu suka buɗe, suka sa wata 'yar raga ta riƙe wurin. Likitan nan mai gilashi ya same ni a waje ya ce sun buɗe hanyar, amma naman zuciyar da ya mutu ba ya dawowa, kuma da yawa ya mutu.

Tana kwance a asibiti Injiniya ya dawo gida da ƙafarsa, ƙafafu a kumbure, da ƙunshin tsohuwar waya a hammata. Ya tambayi mai kanti ina Inna.

Ba ta sake komawa aiki ba. Nakan je gidan ranar hutuna. Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, an cire duk wani soket an toshe ramukan da siminti. Matar da take hawa bene da kaya, yanzu daga gado zuwa bayi sai ta huta a hanya. Ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai. Ta sa an juya gadon yana kallon ƙofar gida. Muna hira, rabin hankalinta yana kan sakata. Shi kuma yana zaune a bakin ƙofar ɗakinta yana magana ƙasa-ƙasa da abin da ba ma ji, in ta yi tari ya miƙo mata ruwa.

"Mutuwa ba ta dame ni ba," ta ce min wata rana, ta rage murya don kada ya ji. "Wallahi na gaji, in ta zo hutu ne. Amma da na rufe ido sai in ga wa zai ce musu ba ɓarawo ba ne. Sai abin ya kama ni a nan. Kin ga ko mutuwar ma ba zan yi ta cikin kwanciyar hankali ba."

Na matso kusa da ita. Na gyara mata matashi.

Malama ce ta yanke shawarar, kuma ban ga laifinta ba. Ba za ta iya riƙe su biyun ba. Ta samo masa gado a sashen masu daɗewa na asibitin ƙwaƙwalwa, ita kuma za ta tafi da uwarta. Likita ma ya ce haka ya fi. Gwaggo ta ƙi, ta sake ƙi, daga baya ta daina cewa komai, aka ɗauka ta yarda. Ta ce abu ɗaya, a bar ta ita ta gaya masa.

Da safen ranar da mota za ta zo, Malama tana tsakar gida tana haɗa kaya, ta ji uwar ta kira shi ciki. Ta ji tana cewa za a kai shi wani wuri ya ɗan zauna, akwai likitoci, ita ma za ta riƙa zuwa. Ya ce, "To, Inna." Sai shiru. Da shirun ya yi yawa Malama ta leƙa. Gwaggo tana zaune a jingine da bango, kanta ya karkata, shi kuma yana riƙe da kofin ruwa yana jira ta karɓa.

Bayan an gama zaman makoki aka kai shi, don ba wani wurin. Malama takan zo in an yi hutun makaranta. Ni sau ɗaya na je. An yi masa aski, ya yi ƙiba irin ta magani, hannuwansa suna rawa a kan gwiwa. Ya gane ni, ya rufe baki ya yi murmushi. Muka zauna a baranda, ya tambaye ni mutanen wurin aiki, na ce duk suna lafiya. Can ya ce, "Anti, Inna ta ce za ta riƙa zuwa. Ko jikin ne?"

Na ce jikin ne.

Ya gyaɗa kai. "Ki ce mata kada ta damu da ni. Nan ba a barin mutum ya fita."

Aka kaɗa ƙararrawar tashin masu ziyara. Wani ma'aikaci ya zo ya kama hannunsa, ya miƙe ya bi shi ba musu.